Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Bel

Máze, farkon Fabrairu

Zuwa ga maigidana Lemet,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana samun sauƙi. Yaya jikin? Yaya ƙugun da suka haɗa maka da ƙarfe? Ina fata kana cin abin da aka kawo maka, ba ture musu faranti kake yi kana cewa wannan ba nama ba ne. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Karenka Girjes ya ƙi kwanciya ko'ina sai a kan tsohuwar rigarka.

Na koma biro da takarda ne don waya da kai ɓata baki ce. Ranar Lahadi na yi ta ihu har maƙwabta suka ji labarin gidanmu kaf, kai kuwa daga can asibiti sai "Eh? Me kika ce?" kake yi. Na sha gaya maka ƙarar babur ɗin nan na tafiya a kan dusar ƙanƙara za ta cinye maka kunne, ka ce tawa ƙarar ta fi. To ga shi nan.

Labarin tudu babu daɗi. Ruwan saman nan da ya zuba a tsakiyar hunturu ya daskare, wanda ya kayar da kai a ƙofar rumbu, har yau shi ke mulki. Ƙasa ta rufe ruf kamar an shimfiɗa gilashi. Bareyinmu na kiwo suna tono har kofatonsu ya yi jini, ba sa kaiwa ga gansakuka. Sai abincin buhu, kullum, a amalanke, daga nan har bayan Dogon Tafki inda garke yake.

'Yarka Risten ce ke kaiwa, kuma wallahi ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Wa zai ce wannan ce ta shekara goma can kudu a Trondheim tana zaune a ofishin taswira? Ta rame, kumatunta sun tsage da sanyi, amma idan ta dawo tana lissafa mini wadda ta ci da wadda ta ƙi ci, sai in ga idonta irin naka. Hutun da suka ba ta zai ƙare bayan Ista. Ta ce kafin lokacin za ta faɗa mana ko za ta karɓi garkenka ta zauna, ko za ta koma. Ba ni da wani tunani sai wannan, Lemet. Da shi nake kwana, da shi nake tashi. Ina son yarinyar nan ta zauna.

Kada ka damu, ban manta alkawarin da ka sa na yi maka a bakin motar asibiti ba. Kana kwance fuskarka fari fat, amma ka sami ƙarfin damƙe hannuna ka ce, "Ravdna, ki riƙe bakinki. Yarinyar nan ta girma. Bakinki ne ya kai ta kudu, kada ya sake mayar da ita." Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma na yarda, don ai haka iyayenmu suka yi mana. Babba ba a koya masa aikinsa, sai a ce masa "kai ka sani" a bar shi da hankalinsa.

Ka zo ka ga matarka yanzu, ba za ka gane ta ba. Risten ta shanya takalman fata dab da murhu, na yi shiru. Ta mayar da wuƙa cikin kube a jiƙe, na yi shiru. Ta fita da gashi ɗanye babu hula, na cije leɓe har na ji gishirin jini. Kofi kawai nake zuba mata ina murmushi kamar matar fasto. Ƙanenka Piera ya shigo jiya ya dube ni ya ce, "Matar yaya, ko ke ma asibitin za mu kai ki? Gidan nan ya yi tsit kamar an yi mutuwa." Na ce masa ya sha kofinsa ya kama gabansa, ya ce yauwa, yanzu ya ji muryar da ya sani.

Abin da ke ba mu wahala yanzu babur ne. Babu dusar ƙanƙara a hanya ko ta shafawa, sai tsabar ƙanƙara mai tauri. Kai ka sani, robar zamiyar nan da bel ɗin da babur ke tafiya a kansa yake gogawa a ƙarƙashinta, idan babu dusar da za ta shiga ta sanyaya ta, narkewa take kamar kitse a kasko. Tun kafin Risten ta shigo gida nake jin ƙaurin roba. Sau biyu ke nan tana canzawa, kuma mai shago ya ce kowa a gari abin da yake nema ke nan, sun kusa ƙarewa. Ta ce ta yi odar wasu tayoyi, ba na kamfanin babur ɗin ba, na wasu ne daban. Sun ɗan fi naka girma, wai su za su ɗauki nauyin bel, robar ta huta. Na ce mata to.

Ka gaida mutumin gadon kusa da kai, mai minsharin nan. Ka yi abin da likita ya ce ko da ba ka so. Allah ya ƙara sauƙi.

Taka har kullum,
Ravdna

Máze, tsakiyar Fabrairu

Lemet nawa,

Ina gaishe ka, ina tambayar ƙarfin jiki. An ce sun fara tsayar da kai, kana takawa da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Wayyo, da ina nan in gani! Takardarka ta iso. Layi biyar ne, uku a kan kare. Na gode ƙwarai. Yana nan lafiya, mu ma da ba ka tambaya ba muna nan lafiya.

Akwai maganar da ta hana ni sukuni, ka karanta a tsanake.

Tayoyin sun zo. Risten ta ɗaga bayan babur ta ɗora a kan kututturen nan naka, ta shimfiɗa fata ta kwanta, ta jingina wayarta da gwangwanin giris tana kallon wani mutum yana nuna yadda ake yi. Ba yabon kai ba, hannun yarinyar nan naka ne. Ta buge tsofaffin robobin da guduma suka fita ta ramin bel, ta shafa wa sababbi sabulu ta zura su suka shige sumul. Ta duba sifirin, ta matsa giris a duk inda kake matsawa. Har murfin kowane boris na tsakiyar taya ta buɗe ta ƙara masa, ta ce masu kamfani rowar giris gare su. Ta ɗaura ƙananan a tsakiya inda robar ta fi cinyewa, sannan ta cire tayoyin baya ta sa manyan.

Sai aka zo ɗaure bel. Ka tuna zanen da ka yi da zarto a jikin kusoshin ɗauri na baya? Ta gan shi, ta shafa da yatsa, ta ce, "Ga hannun Baba." Ta yi ta murɗa noti har ya zo daidai kan zanenka, ta tsaya. Lemet, da tsofaffin tayoyi ka yi zanen nan. Waɗannan sun fi su girma. Bel ya ɗame tamau kamar fatar ganga, daga inda nake tsaye nake ganinsa.

Wa zai sani in ba ni ba? Shekara talatin yatsuna ne ma'auninka. Kana gama ɗauri sai in ji, "Ravdna, kawo yatsunki!" ko ina tsakiyar kwaɓa fulawa. Ka ja bel ƙasa daga tsakiya, in zura biyu tsakaninsa da roba, in sun shige ba takura ka ce ya yi. Naka sun cika kauri, ba su aunuwa. Risten ba ta san wannan ba, tana makarantar kwana, daga can kuma sai kudu.

Na buɗe baki zan yi magana, na tuna hannunka a bakin motar asibiti, na fasa. Sai na yi yadda tsofaffinmu suke yi. Na kawo mata kofi, na tsugunna a gefen bel, na cire safar hannu ina juya yatsu biyu a gabanta. Na ba ta labarin shekarar da Piera ya yi aure ya yi tumbi amma ya ƙi matsar da ramin ɗamararsa, wai a nan ya saba ɗaurawa, har ɗamarar ta tsinke a coci ana tsakiyar waƙa. Duk 'yar tudu da ta ji wannan a gindin babur ta san inda aka dosa. Risten ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai, Kawu Piera!" Sannan ta ce, "Inna, mayar da safarki mana, so kike yatsun su guntule?"

Da ta gama ta miƙe, ta goge hannu, ta dube ni ta ce, "To, ya kika gani?" Na ce mata, "Ke kika sani." Ta tsaya tana kallona kamar tana jiran ƙari. Ban ƙara ba. Ta tattara sifanu ta shige.

Na yi tunanin in lallaɓa in sassauta da kaina, amma taɓa babur ɗin mutum a bayan idonsa ya fi zagi muni, in ta gane shi ke nan. Piera kuma yana can wajen nasa garken. Gaskiya kuwa tayoyin suna aiki. Ƙaurin roba ya ɗauke, ta dawo jiya tana murna ta nuna mini robar ko ƙwarzane babu. Sai na ce ko dai ni ce na tsufa, ko bel ɗin zamani ya fi son ɗauri.

Amma hankalina bai kwanta ba. Ka sake ni daga alkawarin nan, ko kuwa ka rubuta mata da hannunka, daga uba ba za ta ji zafi ba. Ka amsa da wuri, kuma wannan karon ka bar kare ya huta.

Matarka,
Ravdna

Máze, farkon Maris

Lemet,

Ina gaishe ka, Allah ya sa jikin da sauƙi. Bari in fara da abin da za ka fi son ji: Risten lafiyarta ƙalau, ko yatsa ba ta rasa ba. Yanzu ka gyara zama.

Rediyo ya ce iska mai ƙarfi na zuwa, za ta daɗe. Risten ta ce to bari ta kai wa bareyi abinci ninki biyu, su cika ciki kafin a rufe tudu. Dabara ce mai kyau, kai ma haka za ka yi. Ta loda amalanke har sama, ta tafi da hantsi. Ina tsaye a ƙofa ina kallon bayan babur ɗin, kuma ko a lokacin ban ce komai ba.

A tsakiyar Dogon Tafki boris ɗin baya ya ƙone. Taya ta cije, bel ya yage gida biyu. Ta kira Piera, ya bar nasa garken ya zo, amma kafin ya iso iska ta fara tashi, kuma robar nasa babur ɗin ta cinye har ƙarfe, ba zai iya jan kaya ba. Ta ce sai dai su ɗauki ko buhu biyu su ƙarasa. Ya ce mata, "'Yata, in muka ƙarasa ba za mu dawo ba, kuma ni ba zan iya kallon idon uwarki ba. Hau." Da ƙyar ya ɗora ta. Buhuna suka zauna a tsakiyar tafki, garke yana bayan tudu yana jira.

Iskar ta kusa mako ba ta tsaya ba. Ko rumbu ba a iya zuwa sai da igiya. Risten ta yini a taga, ni kuma ina ta zuba kofin da ba mai sha.

Da gari ya buɗe muka tafi da babur ɗin aro. Ban yarda an bar ni a gida ba, na hau amalanke kamar buhu. Na yi ta addu'a a hanya Allah ya sa sun watse, sun bi iska sun sami wani gangare mai laushi. Ba su watse ba, Lemet. Sun saba a nan ake kawo musu, sun san ƙarar babur, sai suka kwanta a wurin suna jira. Da suka ji mu wasu suka miƙe suna tangaɗi suka nufo mu. Wasu sun ɗaga kai kawai. Wasu dusa ta riga ta rufe su, sai ƙaho.

Ba zan rubuta maka adadi ba, ba a yi, kuma ba ka buƙata. Masu ciki ne suka fi tafiya. Da yawansu tsagar kunnen Risten ce a jikinsu, alamar nata ne, jikokin 'yar barewar nan da ka ba ta ranar da ta yi haƙorin fari. Waɗanda ba za su tashi ba, ita ta ƙarasa su da wuƙarka. Piera ya miƙa hannu ya karɓa, ta ce masa, "Bari, Kawu. Nawa ne." Tana gama kowace sai ta shafa kunnen ta duba tsagar. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Takardarka ta zo da motar farko da ta shigo bayan iska. Na karanta a tsaye. "Ki gaya mata yanzu-yanzu. Wace irin mace ce ke? Ai ba a kan bel na ce ki yi shiru ba." Yanzu ka ce haka! A bakin motar asibiti ba ka ware mini bel gefe guda ba, ba ka ce ga inda zan yi magana ga inda zan yi shiru ba. Na yi fushi da kai har na jefa takardar cikin akwatin itace. Daga baya na ciro ta na goge, don na san ba kai ne ka tsaya a gefen babur da yatsu biyu a waje ba.

Ba ta san na gani ba. Tana cewa tayoyin ne na banza, gobe kuma ta ce ita ce ta cika kaya. Kullum ina cewa yau zan faɗa mata, sai in ga yadda take juya cokali a miya ba ta sha, in ce bari sai gobe.

Kada ka ce za ka taso. Ka tsaya ka warke, ba abin da gurgu zai ɗaga a nan. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Ravdna

Máze, ƙarshen Maris

Maigidana Lemet,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Na ji an ce ka ajiye mai ƙafa huɗu ka koma sanda, na gode wa Allah. Sauran garken suna farfaɗowa, an sami dusa mai laushi a gangaren arewa, Piera ya haɗa su da nasa.

Maganar ta fito, amma ba daga bakina ba, kuma wannan ma wani abin kunyar ne.

An jawo babur gida. Piera ya zo dubawa, muna tsaye mu uku a rumbu. Risten ta ce masa ya kwashe tayoyin nan ya zubar, ba ta son ganinsu. Ya tsugunna da tumbinsa yana nishi, ya juya wannan ya juya wancan, ya ce, "A'a, 'yata, kada ki zagi tayoyi. Dubi robar, ko rabi ba ta ci ba, a wannan shekarar! Ni ma irinsu zan saya." Sai ya kai ido kan kusoshin ɗauri, ya ga noti a kan zanenka, ya ga boris ya yi shuɗi don zafi. Ya ce, "Af, ga ta nan. Ɗauri ne ya yi yawa. Ba ki kira yatsun uwarki ba?" Ka san Piera, bai nufi komai ba. Da ya ɗaga kai ya ga fuskata, sai ya tuna wai ya bar wani abu a wuta.

Risten ta ce, "Waɗanne yatsu?" Na gaya mata. Ta ce, "Ranar nan da kika cire safa. Kin gani ke nan." Na ce na gani. Ta ce, "Na tambaye ki, Inna. Da bakina na ce ya kika gani." Na ce ai na ba ki labarin ɗamara. Ta ce, "Labarin ɗamara! Na ɗauka hira kike yi mini don in ji ɗumi!"

Na fara cewa ai haka ake yi, babba ba a koya masa, girmamawa ce. Ba ta bar ni na ƙarasa ba. Abin da ta faɗa zan rubuta maka yadda yake, don kai ma da rabonka a ciki.

Ta ce, "Tun da na zo ba ki yi mini faɗa ko sau ɗaya ba. Na shanya takalma a bakin murhu, shiru. Na fita ba hula, shiru. Har da gangan na mayar da wuƙa a jiƙe in ji ko za ki tanka. A Trondheim in na ƙona abinci muryarki nake ji a kaina, ina dariya ni kaɗai a kicin. Na dawo gida na tarar da wata mata mai ladabi tana ta ba ni kofi kamar baƙuwar da za ta wuce gobe. Sai na ce a raina, Inna ta riga ta cire rai, ta san ba zan iya ba, shi ya sa ba ta ɓata bakinta."

Na ce mata tsoro nake kada bakina ya sake korarta. Ta dube ni kamar na yi wani yare, ta ce, "Ya sake? Karatu na tafi, Inna. Wa ya ce miki gudunki na yi?"

Ka ji, Lemet. Shekara goma muna ɗauke da wannan, kai kana ganin laifina, ni ma ina ganin laifin kaina, ashe yarinya karatu ta tafi. Ban ce mata kai ka sa ni alkawari ba. Bakin nawa ne, kuma ni aka tambaya. In kana so ka faɗa mata, wannan tsakaninku.

Na ba ta haƙuri. Ban iya ba, ban saba ba, maganar ta fito a karkace. Ta ce ta ji. Ba ta yi fushi irin wanda nake so ba, na ihu da buga ƙofa, wanda yake wucewa. Tana gaishe ni da safe, tana wanke kwanonta. Yanzu ita ce mai ladabin, kuma sai yau na san yadda abin yake da ciwo.

Ista ta matso. Ban tambaye ta ba, ina tsoron amsar. Ka ci abinci, ka yi tafiyar da suka ce.

Matarka mai kewarka,
Ravdna

Máze, bayan Ista

Lemet nawa,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata wannan ce takarda ta ƙarshe kafin in gan ka da idona. Yaya ƙafar? An ce mako mai zuwa za su sallame ka. Na gyara maka gado a ƙasa, ba sai ka hau bene ba.

Sabon bel ya zo ana gobe Juma'ar Ista. Risten ta ɗora babur a kan kututture, ta canza boris, ta mayar da tayoyin nan dai, ta sa bel. Ina kicin hannuna cikin fulawa sai na ji, "Inna! Kawo yatsunki!" Lemet, nan take na ture kwanon. Na fita ko hannu ban wanke ba. Ta ja bel daga tsakiya, na zura, ba su shiga ba. Na ce, "Sassauta." Ta sassauta. Na ce, "Ƙara, ke ma kin san bai yi ba." Ta ƙara har suka shige. Sai ta ɗauki zarto ta yi sabon zane a gefen naka. Na koma ciki zuciyata na tsalle, na ce shi ke nan, mai yin zane ai zama zai yi.

Da muka dawo daga coci ranar Lahadi ta faɗa mini za ta koma Trondheim. Ta ce zanen don kai ta yi, kada ka dawo ka bi tsohon. Ta roƙi Piera ya kai sauran garken kiwon bazara a bakin teku tare da nasa. Ta ce duk lokacin da ta rufe ido bayan Dogon Tafki take gani, kuma ba za ta iya kiwo a inda sai ta yi ta canki-canki kafin ta san abin da uwarta ke nufi ba. Ba ta ce har abada ba. Amma ba ta ce za ta dawo ba, kuma ba zan yi maka kwalliya a kan maganar ba.

Na raka ta bakin titi. Mutane cike, 'yan biki suna komawa. Mun tsaya kamar baƙi biyu, tana cewa in gaishe ka, ina cewa ta kula da kanta. Motar ta zo, ta ɗauki jaka ta taka matakala. Sai a lokacin na lura ta yi wanka ta fito da gashi ɗanye, hula a aljihu, ga iska tana yanka kunne. Ban san sa'ad da ya fito ba. Na ce, "Ke Risten! Kai ba hula, gashi sharkaf, so kike ki mutu a hanya? Shekara nawa zan yi ina faɗa miki? Shashasha kawai!" Duk wanda ke wurin ya juyo.

Ta tsaya a kan matakala ta juyo. Dariya take, hawaye na zuba. Ta ciro hular ta sa, ta ja ta har kunne. Ta ce, "Sai yanzu, Inna?" Direba ya rufe ƙofa.

Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na dawo gida a ƙasa, Girjes yana bina.

Ka zo da sandarka, akwai santsi a ƙofar rumbu har yanzu, na zuba toka. Babur yana nan a kan kututture. Roba lafiya, tayoyi suna juyawa, bel daidai yatsu biyu, na sake aunawa yau da safe. Babu mai hawa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Ravdna